Wai wannan mai hoto ne ko mai editin? Albam ɗin bikin ƙanwata ya iso

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Dan Allah masu sana'ar hoto ku zo ku raba ni da wannan abu don tun jiya ya tsaya min a rai. Bikin ƙanwata muka yi a Gwammaja, muka ɗauko mai hoto na kwana uku, kamu da yini da dina, kuɗi kuma ba kaɗan ba. Tun ranar kamu na lura duk abin da aka ce masa sai ya ce "bari kawai anti zan gyara a kwamfuta". Na ce masa ɗakin nan fa da duhu ko mu fito tsakar gida, zai gyara. Ɗaurin amarya ya karkace, zai gyara. Ga bokitin wanke-wanke a bayanmu, zai gyara. To jiya dai aka kawo albam bayan sati bakwai muna sintiri. Wallahi amaryar da ke ciki ban san ta ba. Ƙanwata baƙa ce irin baƙin nan mai sheƙi, amma a albam ta koma kamar Balarabiya, fuska sumul kamar ta 'yar tsana, hannun kuma da ya manta bai taɓa ba yana nan da baƙinsa, ga lallen da aka kwana ana zanawa ya dishe. Abin da ya fi ƙona min rai kakarmu tana da bille a kumatu, ya goge shi tas. Tsohuwa ta riƙe hoton tana juyawa ta ce "wannan wace ce ta ɗaura min zanina". Shin aikin hoto kenan yanzu, mutum ya ɗauka yadda ya ga dama ya jingina da kwamfuta? Ko ni ce ban waye ba?

Dan_Kurna:
Hhhhh "wace ce ta ɗaura min zanina", wlh Hajiya ta gama magana a rufe guruf kawai

Sadiya_RZ:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa ba ke kaɗai ba ce, namu na sunan ɗan yayata haka aka yi, jariri ɗan kwana bakwai ma sai da aka goge masa fuska, dan Allah me jariri ya yi da zai buƙaci filta

Abba_Lens:
Wa alaikumus salam anti, Allah ya ba da haƙuri. Ni wannan ce sana'ata, shekara tara kenan ina cikinta, kuma abin da aka yi miki ba daidai ba ne, amma ina so mu raba abu biyu kada a haɗa mu a yi mana kuɗin goro. Editin daban, ɓarna daban. Duk mai hoton da ya san abin da yake yi da RAW yake ɗauka, wato hoton yadda kyamara ta kama shi ba ta taɓa ba, shi kuma RAW kamar ɗanyen nama ne, in kika buɗe shi a kwamfuta za ki gan shi fayau ba armashi, dole sai an dafa. JPEG da wayarki ke ba ki mataki 256 ne kawai na haske a kowace kala, RAW na kyamarori da yawa yana kaiwa 16384, wannan rarar ita ce ke ba mu dama mu ɗaga inuwa mu sauke haske mu daidaita kala. Wato ko JPEG ɗin ma an yi masa editin, kyamara ce ta yi da kanta ba ta tambaye ki ba. Don haka wanda ya ce shi ba ya editin sam to bai san kyamararsa ba. Matsalar mutuminku ita ce ya mayar da abin ƙarasawa ya zama abin farawa.

Maman_Hanifa:
@Abba_Lens na gane, to amma goge bille yana cikin dahuwar naman?

Abba_Lens:
A'a anti wannan ƙona tukunya ne. Mu ƙa'idar da aka koya mana, abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu kamar ƙurji ko zufa ko jan baki da ya hau haƙori, cire shi. Abin da mutum yake rayuwa da shi kamar tsaga, tawadar Allah, tabo, wushirya, kada ka taɓa sai shi ya ce.

Baba_Yashica:
Salamu alaikum. Ni tsoho ne a wannan harka, yarana ne suka saka ni a nan, kuma ban cika magana ba amma yau zan yi. Na fara hoto lokacin da fim ɗaya ɗauka 36 ne, ka saya da kuɗinka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai an wanko. Ranar sallah haka zan rataya kyamara in hau keke daga Fagge har cikin gari, kowace ɗauka kuɗi ce, saboda haka kafin in danna sai na duba inda rana take, na matsar da mutum gindin inuwa, na gyara masa hula, na kori yaran da ke leƙe a baya, na ɗauke buta in tana wurin. Ba wai mun fi yaran yanzu basira ba ne, tsoron asara ne ya koya mana kallo. Yanzu yaro zai danna sau dubu biyu a biki ɗaya yana fatan ko ɗari za su yi kyau. Wancan bokitin da 'yata ta ambata, taku uku ne ya ɗauke shi, amma ya zaɓi ya zauna minti goma a gaban kwamfuta a kan kowane hoto da bokitin ya fito. Wannan ba lalaci ba ne ma, wahalar da kai ne.

Dan_Kurna:
Allah ya ƙara girma Baba. Taku uku hhh

Mk_Studio:
Baba Allah ya ja kwana, amma a faɗi gaskiya ku ma kun yi naku editin ɗin a ɗakin duhu ai. Ba ku ne kuke bin nagatif da fensir kuna cike ramukan fuska ba? Kuma akwai hotunan iyayenmu na baƙi da fari da aka shafa wa kala da hannu, ka ga leɓe ja ɗankwali kore. Har hoton mutum a gaban jirgin sama alhali ko filin jirgin Malam Aminu bai taɓa shiga ba, labule ne aka zana.

Baba_Yashica:
Ɗana ba ka yi ƙarya ba, mun yi. Wajen buga hoto ma muna tare haske da hannu a wani gefen mu ƙara shi a wani gefen, kuma ka duba Photoshop ɗin naku za ka ga sunayen waɗannan dabarun suna nan, daga wurinmu aka ɗauko. Bambancin shi ne fensir ba ya iya ceto nagatif da ya lalace. In fokas ya kuɓuce maka ya kuɓuce, sai dai ka koma ka ba mai shi haƙuri ka mayar masa da kuɗinsa. Shi kuma labulen jirgi kowa ya san labule ne, ba a yaudari kowa ba, mutumin da ke gabansa dai shi ne, in ya ɓata aka nuna hoton za a gane shi.

Ummi_Kwalliya:
Ni fa bari in shigo don ina ganin ana ta dukan masu hoto an bar jaki ana dukan taiki. Ni mai kwalliya ce, kusan duk ƙarshen sati ina gidan biki, kuma da kunnena nake jin abin da amare ke cewa. "Dan Allah ka ɗan haska ni." "Ka rage min hannu." "Ka yi min irin na wance." In ya kawo hoto da ainihin kalarta sai ta ce bai iya aiki ba ta hana ƙawayenta ɗaukarsa. Ni kaina sau nawa zan ɗauko hoda daidai fatar amarya ta ce a'a waccan mai hasken take so, ƙarshe fuska daban wuya daban. To mai hoto ɗan kasuwa ne, abin da ake saya shi zai kasa. Mu gyara kanmu tukuna, wannan son farin da ya kai mata ga shafe-shafe shi ne dai ya biyo mu har cikin albam.

Sadiya_RZ:
Gaskiya ne Ummi amma ai kakar ba ta ce a goge mata bille ba

Ummi_Kwalliya:
Eh wannan kam nasa ne shi kaɗai, ba zan kare shi ba

Injiniya_BUK:
Wani abu da ya dace a sani a kan wannan magana ta baƙar fata. Tun zamanin fim matsalar take. Kamfanin Kodak yana da wani kati da ake kira katin Shirley, hoton wata Baturiya ne, da shi masu wankin hoto ke saita injinsu, wato farar fata ce ma'auni. Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu kala za ka ga baƙin mutum ya zama inuwa sai ido da haƙori. Abin takaicin, daga cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka inganta fim ɗin har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don kayansu masu ruwan ƙasa ba sa fitowa da kyau a talla. Yanzu kuma firiset ɗin, wato shiryayyen saitin kala, da yaranmu ke saukewa kyauta daga intanet yawanci a kan fatar Turawa da hasken ƙasarsu aka haɗa su, ka ɗora shi a kan 'yar Gwammaja a ranar Kano sai ta koma ruwan lemo ko ruwan toka. Daga nan sai ya shiga gyaran gyara har fuska ta ƙare.

Abba_Lens:
@Injiniya_BUK wannan haka yake. Kuma baƙar fata ba ƙarin fari take so ba, haske mai laushi take so daga gefe, ka bar mata sheƙinta. Ƙofar ɗaki ko taga kaɗai ta isa, ko ka sa yaro ya riƙe maka farin kwali. Ku nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako ku gani, ya buɗe wurinsa a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida da zani a baya, amma ka ga fata ka ga zanen atamfa ɗaya bayan ɗaya. Babu manhajar gyaran hoto irin Lightroom a lokacin, sai 2007 ya fito, Photoshop ma 1990 ne.

Yusuf_Hotoro:
Ni tambayata ta ango ce. A nawa ɗaurin auren farar shadda na saka Getzner, aikin wuya fari a kan fari na biya tela kuɗi mai yawa, da hoto ya fito babu aikin ko zare ɗaya, kamar na yafa takarda. Na ce ya dawo min da shi ya ce zai gwada, har yau shekara biyu. Wai da gaske ba ya dawowa?

Abba_Lens:
Malam Yusuf ka yi haƙuri ba zai dawo ba. In haske ya yi yawa har wurin ya ƙone to babu komai a wurin, fari ne zalla, kwamfuta ba ta da abin da za ta jawo. Ɗaurin aure kuma ka san lokacinsa, sha ɗaya zuwa bayan azahar ko bayan Juma'a, rana a tsakiyar ka, farar shadda da baƙar fuska da inuwar hula, wannan shi ne jarrabawar mai hoto a garin nan. Dabarar ita ce ka saita don shaddar kada ta ƙone, kyamara ma tana da alamar da ke ƙyaftawa a sikirin ta nuna maka inda ya ƙone, sannan ka cika fuska da filasha ko ka ja ango ƙarƙashin rumfa. Duhu ana iya ɗagawa in RAW ne, duk da yana zuwa da yashi-yashi, amma ƙuna ba ta da magani.

Yusuf_Hotoro:
Innalillahi. To tela dai ya ci banza kenan

Dan_Kurna:
Ka sake sakawa ka je situdiyo mana, ko tumbi ya hana hhh

Yusuf_Hotoro:
Kai dai bari

Hajiyar_Sharada:
Maman Hanifa ki faɗi sunan situdiyon kawai mu san shi mu kauce, muna da biki bayan sallah

Admin_Garba:
Dan Allah kar a kira sunan kowa ko na shago a nan, dokar gidan nan ce tun farko. Mai son sani ya bi ta gefe. A ci gaba da magana a kan aiki ba a kan mutum ba.

Mk_Studio:
Na gode Admin. Kuma ina so mutane su ji ta ɓangarenmu. Ku shiga holin biki da daddare ku gani, mai ado ya kunna fitila shuɗiya da ja da ruwan hoda, DJ ya saki hayaƙi, amarya ta makara awa uku, ƙawaye ashirin sun tare gaba da wayoyi kowa da fitilarta. Ka ce a kashe fitila ɗaya uwar biki ta ce kuɗi ta biya. A irin wannan wurin in ba editin ba wallahi babu hoton da zai fito, kowa zai zama shuɗi kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Sannan a zo a ce farashi ya yi yawa, alhali kuɗin Adobe masu Photoshop ma duk wata ake biya tun da suka koma tsarin haya a 2013, da dala kuma, ga man janareto don ba za ka jira NEPA ka yi aikin hoto ɗari biyar ba.

Dan_Kurna:
Oga Mk tsakaninka da Allah biya kake ko na bayan fage na Beirut Road ne aka saka maka

Mk_Studio:
Wannan kuma wata muhawarar ce

Abba_Lens:
Mk na yarda da wahalar hol, amma filasha biyu a kan sanda suna kashe rabin matsalar tun a wurin. Abin da na gani shi ne yara da yawa suna sayen kyamara yau, gobe su buɗe shafi a Instagram, sun iya raba fata da kala a Photoshop sun iya matse ƙugu amma ka tambaye su me ya haɗa ISO da gudun shota, wato saitin haske na kyamara, su tsaya kallonka. An fara koyon sana'ar daga ƙarshe. Ni da nake yaron shago wata shida ina riƙe fitila kafin oga ya bar ni na taɓa kyamara, a lokacin haushi nake ji.

Zee_Tarauni:
Maganar matse ƙugu, ku dinga duba bayan hoto. Akwai wata da ta saka hoto ƙofar da ke bayanta ta lanƙwashe kamar za ta faɗi, tayil ɗin ƙasa ma ya yi ciki

Sadauki07:
Ni abin da ya faru da ni ya fi na kowa. Gwaggona ce ta turo min hoton wata ta ce in je in gani, na shirya na fesa turare na tafi har Naibawa. Yarinya ta fito muka gaisa na ce mata dan Allah ki yi min sallama da yayarki. Ta ce ai ni ce. Wallahi ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Kuma abin haushin ita ɗin a fili ba ta da laifi ko kaɗan, kyakkyawa ce, amma an riga an saka min wata a kai, kuma ita ma ta gane abin da ya faru, zancen bai yi minti goma ba.

Zee_Tarauni:
Su maza kamar ba sa yi. Wa ke cike sanƙo? Wa ke ƙara gemu? Ku bari kawai. Ka dubi fastocin 'yan siyasa lokacin zaɓe a kan gadar Ƙofar Nassarawa, dattijo mai jikoki ya koma kamar ɗan bautar ƙasa

Sadauki07:
Ban musa ba 'yar uwa, ni ma wanda gwaggo ta kai mata nawa sai da ya bi ta manhajar gyaran hoto ta Snapseed

Malam_Nura:
Abin dariya ne amma akwai gyara a ciki. In hoton na neman aure ne ko na sayar da kaya to ya shiga babin algus, kuma hadisin yana nan a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Masu sayar da atamfa da leshi a waya su ma su ji, ka ƙara wa kaya kala a hoto a kawo wa mutum ya ga daban. Amma hoton da mutum zai rataya a ɗakinsa ban ce komai a kai ba, wannan a tambayi malamai.

Hajiyar_Sharada:
Wallahi Malam ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, leshi na saya a hoto ruwan zuma, da ɗan sahu ya kawo sai ga ruwan ƙasa, wai hasken waya ne

Dan_Jarida_KN:
Bari in kawo ta fannin aikinmu, don a jarida wannan ba maganar ɗanɗano ba ce, maganar kora ce. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai hoto, Narciso Contreras, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa da ta fito a kusurwar hoton da ya ɗauka a Siriya. Kyamara kawai, bai taɓa mutumin da ke hoton ba, kuma shi Contreras ɗin yana cikin waɗanda suka ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2013. A gasar World Press Photo ta 2015 kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe an fitar da su saboda an taɓa su fiye da ƙa'ida. A watan Maris na 2024 ma manyan kamfanonin labarai sun janye hoton matar Yarima William na Ingila da 'ya'yanta da fadar ta fitar, don sun ga alamun an yi masa gyara, har ta fito ta ba da haƙuri. Wato da a jarida ne bokitin Maman Hanifa dole ya zauna inda yake.

Mk_Studio:
To ai biki ba labarai ba ne yallaɓai. Amarya ba shaida take nema ba, kyau take nema.

Dan_Jarida_KN:
Yau kyau take nema, bayan shekara talatin shi ne shaida. Jikokin wannan tsohuwar da wane hoto za su san tana da bille? A Faransa tun 2017 doka ta ce in an sauya surar jikin mai talla a hoto sai an rubuta a jiki cewa an taɓa shi. Mu nan ko tambayar mai fuskar ba a yi.

Aisha_Dorayi:
Wannan magana ta jikoki ta sa ni hawaye. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara huɗu, hoto ɗaya tak muke da shi, ɗan ƙarami na fasfo duk ya dishe. Ƙanina ya saka shi a manhajar Remini ya fito tar kamar jiya aka ɗauka, muka yi murna muka kai aka buga babba aka saka a firem. Da muka kai wa Umma ta daɗe tana kallo sannan ta ce wannan ba Malam ba ne, idon ba nasa ba ne, bakin ma ba nasa ba ne. Mu da ba mu san shi ba mun yarda, ita da ta zauna da shi ta ƙi. Firem ɗin yana bayan sif yanzu, ɗan ƙaramin ta mayar cikin jakarta.

Injiniya_BUK:
Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da ya faru shi ne irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ya ɓace suke ba, cikewa suke da hasashe daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai. Inda idon ya dishe sai su saka ido mai kama da wanda ya dace da wurin, ba nasa ba. Shi ya sa yake fitowa tar amma baƙo. Ku adana na asalin da kyau, a yi masa sikanin yadda yake kar a taɓa.

Aisha_Dorayi:
Amin na gode

Baba_Yashica:
Allah ya gafarta masa. 'Yata ki gaya wa mahaifiyarki ta raba shi da leda mai zafi da danshi, ta sa shi a ambulan na takarda.

Sani_Doki:
Ni hawan sallah nake ɗauka duk shekara, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Ranar hawan Daushe a Ƙofar Kudu ana jahi doki a guje, ga ƙura, ga rana tana faɗuwa don sai yamma lis ake kaiwa ƙarshe. In gudun shotarka bai kai wajen 1/1000 na daƙiƙa ba doki zai zama hayaƙi, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi doki, sannan ba za ka ce wa hakimi ranka ya daɗe a koma a sake ba. Amma ni ma ina editin, ina rage hazo in lokacin hunturu ne, ina fito da jan kayan dogarai. Abin da na ƙi shi ne wanda na gani bara, wani ya cire sararin Kano ya saka shuɗin sama da gajimare irin na Turai a bayan mahaya, alhali inuwar dawakan tana nuna wani gefen daban. Tunda UNESCO ta saka hawan a jerin al'adun duniya a Disambar 2024 hotunan nan ko'ina suke zuwa, wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka haka garin yake.

Zee_Tarauni:
Ni dai gaskiya ina son a gyara ni, kuɗina na biya. Ranar biki sau ɗaya ce, in ina son gaskiya madubi yana ɗaki

Ummi_Kwalliya:
Kun ji ko. Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu

Sadiya_RZ:
Zee ba wanda ya hana, amma a tambaye ki tukuna, kuma a tsaya inda mijin zai gane ki

Abba_Lens:
Shawara ga masu biki a gaba irin su Hajiyar Sharada. Kar ki zaɓi mai hoto da hotuna goma na Instagram, ki ce ya nuna miki albam guda cikakke na biki ɗaya har da na dare. Ki duba hannu da wuya da fuska ko kalarsu ɗaya, ki duba farin kaya ko aikin yana nan. Ku yi magana tun farko a kan iya gyaran da kuke so, kuma ku ce ya ajiye na asali har sai kun karɓi aiki. In zai turo ta WhatsApp ya turo a matsayin dokumen don in ba haka ba matse shi ake yi. Sannan kafin a buga albam a buga guda biyu na gwaji, sikirin yana da haske takarda ba ta da shi.

Maman_Hanifa:
Jama'a na gode, na dawo da labari. Na kira shi na faɗa masa duk abin da ke raina, da farko ya fara kame-kame daga baya ya ba da haƙuri a kan na Hajiya, ya ce yaronsa ne ya bi fuskokin duka da abu ɗaya bai duba ba, na asalin na kamu da yini suna nan zai sake bugawa da billenta, amma na dina ya riga ya goge memori ya yi wani bikin da shi. Sai kuma ya turo min hoton hirarsu da amarya. Ashe ita ce ta bi shi ta gefe tun kafin biki ta ce ya haska ta sosai kar ya gaya min. Na kira ta ta ce ita fa nata ya yi mata, har ta saka a DP, dangin miji ma sun yaba. Yanzu ni ban ma san da wa zan yi faɗan ba.

Ummi_Kwalliya:
Ban ce komai ba ni dai

Mk_Studio:
A rubuta a ajiye, yau an wanke mai hoto a guruf ɗin nan

Abba_Lens:
Ba a wanke shi duka ba Mk, hannun da ya bari baƙi fa, da memorin da ya goge kafin a karɓi aiki

Dan_Kurna:
Anti tambaya ɗaya ta rage, bokitin fa

Maman_Hanifa:
Yana nan a shafi na huɗu, shuɗi, har da soson a ciki